Rigar Nafi'u

Jikoki biyu gare ni a gida. Nafi'u ya yi boko, amma gajere ne siriri, kamar an manta ba a ƙarasa shi ba. Wansa Sallau ƙato ne, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Aka kira Nafi'u gwajin ɗaukar aiki a birni, wai dole ya sa riga mai kwala wadda ta zauna masa. Ya rantse ba zai je kasuwa ba, don 'yan gwanjo kayan yara suke nuna masa suna dariya.

Wata rana na aiki Sallau kasuwa ya sayo masa rigar. Na ce, "Kada ka saya sai ka gwada a jikin gajere." Ya samu Sarkin Fawa, gajere mai tumbi kamar randa, ya zura masa rigar, ta zauna ɗas. Da Nafi'u ya sa, har wuri ya rage wa baƙo.

Sallau ya ce, "Kaka, ai gajere kika ce."

"Siriri, sakarai! Nemo siriri!"

Wata rana ya koma, ya tare wani makiyayi siriri mai tsawon sandar rake. Rigar da ya kawo ta sauko wa Nafi'u har gwiwa, hannuwa na lilo kamar kunnen akuya. Ga gwaji ya matso. Nafi'u ya kwanta a tabarma ya ce ya fasa aikin.

Raina ya ɓaci. Na ce wa Sallau, "To sai ka ɗauki Nafi'un ka kai shi kasuwa!"

Kafin in rufe baki ya saɓa shi a kafaɗa, da doguwar rigar a jikinsa. Nafi'u na shure-shure yana "Yaya, ka sauke ni!", shi ko yana "Kaka ce ta ce." Bai dire shi ba sai tsakiyar kasuwa, bakin rumfar tela Mudi. Mudi ya gama dariyarsa, ya duba ya ce, "Ai kafaɗa ta yi, tsawo ne ya yi yawa." Ya datse ƙasan, ya rage hannu. Riga ta zauna kamar da ita aka haife shi.

Nafi'u ya samu aiki. Yanzu in ya fara noƙewa wai kunya yake ji, ba na ɓata bakina. Sai in ce, "Sallau!" Tuni Nafi'u ya sa takalmi, kada a sake saɓa shi a kafaɗa.