Asibitin da Ke Bayan Jaki

A shekarar da kuka ya yi yawa kan asibitoci a Kurmin Gawo, 'yan lelen gida ne suka fi jin jiki: kyanwa, zomo, aku da ɗan kwikwiyo. Kowane biri ya sami rumfa sai ya kira ta asibiti. A kai zomo da ciwon kunne, ya dawo yana ɗingishi.

Sarki Zaki ya tara fada, ya ɗora wa Kura, ministar lafiya, aikin gyara. Kura ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati ba za ta lamunta ba! Za mu bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya cika sharaɗi mu buga masa tambari a ƙofa, wanda bai cika ba ya kuka da kansa."

Sai dai Kura mai ladabi ce, ba ta faɗa wa mutane gida ba sallama. Kafin ta je ko'ina sai ta aika a sanar, don a share waje, a kuma ɗora tukunya. Birai suka haɗa kai suka aro kayan aiki wajen Dila ɗan kasuwa: allurai, magunguna, ma'aunin zafi da gado mai taya. Suka labta wa wani jaki, Na-Allah, yana shiga gaban kwamitin da Kura ke zagaye da shi. Inda za a duba gobe, nan zai sauke yau. Kura na haɗuwa da shi a kowace ƙofa, har tana ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ba ta taɓa tambayar me ya kawo shi ba.

Ana cikin haka ɗan wata kyanwa, Azumi, ya kwanta da tari mai sarƙe numfashi, ga shi ɗan ke nan gare ta. Ta ɗauke shi a baki zuwa asibiti mai sabon tambari. Ta tarar da tambarin yana sheƙi, ciki kuwa tabarma ce da likita yana ɓare gyaɗa.

"Baiwar Allah, kin makara," in ji Biri. "Jiya muna da komai."

Hankalinta ya tashi. Ta zaga asibitoci, ko'ina jiya suke da komai. Da ta gaji sai ta daina duban ƙofofi, ta bi sawun Na-Allah. Ranar dubawa ta kutsa ta ajiye yaron a gaban Kura. Likita ba yadda zai yi, ya fasa kwalba ya yi masa allura, kwamiti na tafi. Yaro ya sami sauƙi, amma aka ce sai an yi ta maimaitawa kafin ya warke.

Labari ya bazu. Kafin a ce me, duk mai majinyaci ya bi bayan Jaki, ana tafe ana tari. Kura ta shaida wa Sarki cewa masoyan gwamnati ne ke rakiyar kwamiti.

Ranar da aka buga tambari na ƙarshe aka yi taro a fada.

"Alhamdulillahi, babu asibitin da ya faɗi," in ji Kura. "Aiki ya kammala, kwamiti zai huta."

Daga bayan fage Dila ya riga ya fara kwance kayansa daga bayan Na-Allah. Azumi ta hango shi, ga shi allurar ɗanta ba ta ƙare ba. Ta ratsa taro ta zube gaban Sarki.

"Allah ya ba ka nasara, alfarma nake roƙo. A kankare tamburan nan, a sake dubawa daga farko."

"Ba ki yarda da aikin kwamiti ba ne?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. Ai ranar da suke dubawa kaɗai ake samun magani."

Zomaye da akuna suka amsa baki ɗaya: "A sake dubawa!"

Sarki ya juya a hankali ya dubi Kura. Kura ta dubi birai, birai suka dubi ƙasa. Fada ta yi tsit, ba ka jin komai sai tarin ɗan Azumi.