Jan Goro a Takardar Marina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka jikata Hafsatu ɗakin adana tsofaffin takardu ba, kuma gara in faɗa tun yanzu: wawan labarin nan ni ne.

Hafsatu tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana rubutu a kan marinan unguwarmu ta Gwale. Ta sha wuya kafin a ba ta izinin shiga: takarda daga malaminta, hoto, je-ki-ki-dawo har takalminta ya siɗe. In ba ta gama karanta abin da take nema ba, babu digiri a bana. Matsalarta ɗaya, tsohon ajami yana ba ta wahala. Ni kuwa da na tsaya a elementare (boko ce ta gaji da ni, ba ni na gaji da ita ba) sai na buga ƙirji.

"Amarya, kina da miji irina kike kuka da ajami?"

"To angon, amma don Allah ka bi doka," in ji ta.

Na bi doka. An karɓi jaka, an hana biro sai fensir, an ce a wanke hannu, na wanke har gwiwar hannu kamar mai alwala. Abin da ba wanda ya bincika shi ne kuncina, inda ɓarin goro yake kwance tun daga Ƙofar Na'isa.

Hajiyar da ke kula da wurin ta kawo gafaka ta buɗe a hankali. Rubutun wani malami ne a kan marinan da annoba ta kwashe, kuma ta ce babu kwafinsa ko'ina. Na soma karantawa, Hafsatu tana rubutawa. Sunaye ne na mutanen da ba mai tuna su yanzu, wasu ma daga lungunmu. 

Sai warƙa biyu suka manne. Wanda ya tsufa yana sayar da yadi a Kurmi ba ya shawara da yatsansa. Kafin in ankara na lasa, na dangwala, na juya.

Ga shi nan, jawur, a kan sunan wani bawan Allah.

Na sa bakin riga zan goge, Hajiya ta riƙe min hannu. "Baba, bari! Ƙara shiga zai yi." Ba ta yi faɗa ba. Ta rufe gafakar, ta ce sai masu gyara sun duba, kuma an dakatar da katin shigar Hafsatu har shugaban wurin ya yanke hukunci. Na roƙa, na ce laifina ne, a kore ni ni kaɗai. Ta ce da sunan yarinya na shigo.

Ranar na gane ba hannu kaɗai ake wankewa kafin a taɓa kayan mutanen da suka riga mu ba.

A adaidaita Hafsatu ta juya kai tana kallon titi. Na ce bari in gwada wasa.

"Haba amarya, ɗan ɗigo ne fa. Ai ni ma yanzu na shiga tarihi."

Ba ta ko kalle ni ba. "Kaka, gara ta ƙyale takardar nan, damina ta ƙyale ta. Kai kaɗai ne ba ka ji tausayinta ba."