Yaran da Na Ce Babu Su

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa raba wata baiwar Allah da aikinta ba, alhali ba ta ci ba, ba ta sha ba. Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, sai malamarmu, wadda muke kira Dakta, ta tura ni Dagumawa da ke Wudil in tattaro mata bayanai. Bincike take yi a kan ma'aikatan lafiya masu bi gida-gida: aikinsu yana da amfani, ko a daina tallafa musu? Na sauka a Wudil da takardun tambayoyi da sabon tabarau (idona lafiya lau, ado ne kawai), ina jin kaina kamar alƙaliya.

Ma'aikaciyar unguwar sunanta Malama Rabi, mace mai sanyin murya. Ta ba ni littafin da take rubuta sunayen yaran da aka yi wa rigakafi. Aikina in shiga gidaje in tabbatar da abin da ta rubuta. Ta ce za ta raka ni, na ce a'a, kada ta ɓata mini bincike.

A gidan farko na tarar da wata matashiyar uwa tana tankaɗe, surukarta na zaune a gefe. Na ce, "Yaranki nawa?" Ta nuna na goye ta ce, "Ɗaya." Littafi kuwa biyu ya nuna. Na ce, "To Safiya fa?" Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Ni ban sani ba." Gida na biyu haka, na uku ma haka. Kafin Laraba na tara sunaye bakwai, na ja musu layi da jan biro. Wallahi daɗi na ji. Na kama ɓarauniyar sunaye, har na fara tunanin yadda za a yaba mini a gaban 'yan ajinmu.

Ranar Alhamis Dakta ta zo, muka zauna a barandar ƙaramin asibitin unguwar tare da mai unguwa da Malama Rabi. Ban jira an gama gaisawa ba na miƙe (har da gyaran murya) na ce, "Dakta, yaran nan bakwai babu su. Iyayensu mata da bakinsu suka ce ba su san su ba." Kowa ya san idan maganar ta shiga rahoto, Malama Rabi ta gama aiki ke nan.

Ba ta yi fushi ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, karanto mini sunayen." Ina karantawa, ina ganin mai unguwa yana danne dariya da hannun riga. Da na kai ƙarshe ya ce, "Dakta, ai duk 'ya'yan fari ne."

Muka ɗunguma zuwa gidan farko. Surukar nan ta leƙa ɗakinta ta fito riƙe da hannun wata yarinya ƙosasshiya, ga katin rigakafinta a leda, babu allurar da ta wuce ta. Tun da aka yaye ta a wurin kakarta take. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, a ina aka raine ki? Uwa ta amsa sunan 'yar farinta a gaban surukarta? Ai ko ni da kika tambaya da na faɗa miki." Matan gidan suka fashe da dariya, har uwar Safiya a bayan mayafinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ba Malama Rabi haƙuri. Ta ce, "Ba komai, gobe sai mu bi tare." Allah ya taimake ni ba a tura rahoton ko'ina ba, na sauke ajiyar zuciya irin wadda ban taɓa yi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya sai a motar komawa Kano ya faɗo mini: ni ma 'yar fari ce. Tun da na yi wayo mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take cewa. Yanzu kafin in rubuta "babu" a kowace takarda, sai na tambayi kakar gidan.