Cindo da Tambarin Daula

Shekarar da daula ta watse, mayaƙanta suka tafi suka bar ƙauyuka ga mahara. Mutanen Tsaunin Gamji suka yi doka: duk magidancin da ba ya amfanar gari, a fitar da gidansa bayan ganuwa. Wannan doka ta tayar wa Kande hankali, don mijinta Cindo mutum ne mai zuciya ɗaya, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai da nake maƙwabcinsa ban taɓa jin haushinsa ba.

Wata rana mai gari Dogara ya ce, "Cindo, kwaso duwatsun tsohon sansani mu gyara ganuwa. Kada ka bar ko ɗaya." Ya yi ta jida har ya iso kan wata tsohuwa da ke girki a kangon. Ya gaishe ta da ladabi, ya zare duwatsun murhunta. Miyar ta bi ƙasa, tsohuwar ta biyo shi da muciya har ƙofar mai gari.

Wata rana aka ba shi tsaron ƙofa, aka ce kada mai ƙarfe a hannu ya shiga. Manoma suka dawo da fartanyoyinsu, ya tare. Maƙerin gari ma a waje ya yini.

"Cindo, ni ne fa kawunka," in ji maƙerin.

"Na gane ka, Kawu. Ƙarfen ne ba zai shiga ba."

Kande ta je gaban mai gari ta durƙusa tana kuka. "Ranka ya daɗe, in aka fitar da mu, mahara za su kwashe mu."

Wata rana dattawa suka zauna yanke shawara a kan Cindo. Don kada ya ji, Dogara ya miƙa masa tambarin da mayaƙan suka bari. "Hau tudu ka bubbuge masa ƙura. Kada ka dawo sai ta ƙare." Cindo ya girka tambari a kan rairayi ya hau shi da sanda. Duk bugu ɗaya ƙasa ta tashi ta sake sauka a kan fatar, shi kuma ya ƙara ƙarfi.

Dattawa sun gama yanke a kore shi ke nan, sai ga wani falke ya shigo da igiya a wuya. Ya ce mahara ne suka kama shi, kuma nan garin suka nufo. Da suka ji tambarin daula, suka hango ƙura a tudu, sai suka zaci rundunar ce ta dawo, suka sake shi suka zura da gudu.

Da yamma Cindo ya dawo kansa a sunkuye. "Ranka ya daɗe, na kasa. Har yanzu da sauran ƙura."

Dogara ya dubi Kande, ya dubi dattawa. "Ba inda gidanka za shi. Gobe ma ka koma, kuma kada ka yi gaggawar gamawa."