Wutsiyar Yaɗiya

Ba za ni taɓa mantawa da shekarar kusu ba, kuma ko na so mantawa mutanen Kurawa ba za su bar ni ba.

Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa tun gero bai fid da kai ba. Ana cikin haka sai ga wasu jajayen ɓeraye (mu kusu muke cewa) sun kwararo daga arewa, irin da ko tsofaffinmu ba su san su ba. Suka huda rumbuna, suka cinye har irin shukar da muka ɓoye a tulu. Malamin gona ya zo daga Sabon Birni da umarni: a kashe, kada a bar ko jinjiri. Kowa ya tara wutsiyoyi shaida, ranar da ya dawo wanda ya fi tarawa za a ba shi buhun irin gero mai saurin nuna.

Ba ni da ko tiya ɗaya ta iri. Amma Allah ya gafarta mini, ba irin ne ya fi cin raina ba. Mamman ne, taubashina, ɗan kawuna, da katanga kawai ta raba mu. Shi in ya tura hayaƙin barkono a rami sai ka ga kusu na fitowa kamar an kira sunansu. Ni in na tura, ni ke tari. Ya shirya wutsiyoyinsa a igiya ya rataye a ƙofar gida, kowa ya wuce sai ya tsaya ya yaba.

"Taubashi," in ji shi, "kai da kusu amana kunka ƙulla? Ba ka taɓa su, su ko suna taɓa ka."

Na yi dariyar yaƙe. Da na shiga gida matata ta ce, "Malam, ka ko ga igiyar Mamman?" (Na gani. Sau bakwai na gan ta a ranar.)

A bayan gari na ci karo da yaɗiya, tsiron nan mai yaɗo da fari bai kashe shi. Na dubi siririn reshenta, Shaiɗan ya duba tare da ni. Kwana uku ina yanka, ina fiƙe baki, ina murzawa da toka da jar ƙasa, ina shanyawa a bayan rumbu. Na gauraya da 'yan na gaskiyar da nake da su. Har ni kaina sai da na yaba aikin.

Ranar da malamin gona ya dawo aka taru a ƙofar mai gari, kowa ya zube nasa. Tulina ya kere na Mamman. Na ga fuskarsa ta canza, na ji sanyi har cikin ƙashi. Mai gari ya ce, "Ashe jarumi muke da shi ba mu sani ba." Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Sai ga wata ramammiyar akuya ta ratso taro. Ta sansana tulin Mamman ta kau da kai. Ta zo nawa, ta sa baki, ta hau tauna. Na ce mata kur, ta ƙara cika baki.

Mai gari ya ce, "Tun da nike ban ga akuya ta ci nama ba."

Malamin gona ya ɗauki ɗaya, ya karya, ya ɗanɗana. Ya ce, "Malam, wannan kusun ai da ganyensa ake kwaɗo."

Mamman ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki don dariya. "Taubashi, ina ramin nasu? In je in shuka ko biyu!"

Na nemi ƙasa ta tsage, amma fari ya riga ya busar da ita. Aka soke ni gaba ɗaya, har na gaskiyar ba a ƙirga ba. Buhu ya tafi gidan Mamman.

Abin da ya fi ciwo ya zo washegari. Mamman ya shigo da kansa da tiya uku ta iri, ya ajiye a gabana, ya ce, "Wanga na gaske na, kira akuya ta shaida." Na so in ƙi karɓa. Matata ta riga ta ɗauke.

Da wannan irin muka ci tuwo a shekarar da ta biyo, kowace loma da ɗan ɗaci. Na tuba, na kuma gane cewa hassada aiki ce mai wuya: kwana ukun da na yi ina sassaƙa wutsiya, da rami na tona da na kashe kusu na gaske. Kuma in za ka yi ƙarya a shekarar yunwa, kada ka yi ta da abin da ake ci.