Mati da Tayoyin A-kori-kura

A ƙauyen Gidan Jatau, inda kwalta ta ƙare laka ta karɓa, akwai gidan Inna Tabawa da 'ya'yanta biyu. Babban, Barau, shi ke tuƙa a-kori-kurar gidan. Ƙaramin, Mati, gemu ya cika masa haɓa, amma yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari, kuma a ganinsa kaf garin babu mai kaifin kansa. Abincin gidan na shekara yana cikin tumatirin fadama. Bara motar ta kafe a laka, tumatirin ya ruɓe a kwando suna kallo, Inna ta yi kuka har idonta ya kumbura. Bana kuwa tayoyin sun suɗe sumul kamar tafin hannu.

Wata rana Barau ya aiki Mati gari. "Kada ka karɓi taya sai ka gwada ta a kwalta, ka gwada ta a jeji." Mati ya shiga shago, ya zaro sabuwa dal, ya samo kara, ya hau gara ta a titi, mai shago na biye da shi yana ihun ɓarawo. Da aka cim masa a bakin gonaki, ya share gumi ya ce, "Ta ci jarrabawar kwalta. Saura jeji, ku ɗan dakata."

Wata rana, bayan Barau ya gama ba mai shago haƙuri, ya ce, "Nemo wadda zanenta ya fi zurfi, wadda laka ba ta iya mata." Da la'asar sai ga Mati a amalanken shanu, ya kishingiɗa cikin tayar tarakta wadda ta kusa kai rufin motar.

"Yaya, na zaga kasuwa kaf, babu wadda ta kama ƙafarta."

Wata rana tumatir ya nuna jawur, Barau na fadama wajen tsinka. Ya ce, "Mati, buɗe kunnenka. Hanyarmu rabi kwalta ce, rabi jeji. Kai motar a sa mata taya daidai da hanyar." Mati ya sayi biyu na kwalta, biyu na laka. Mai faci ya tambaye shi ina za a ɗaura wacce.

"Kai ma ka sani. Gaban mota ke fara hawa kwalta, baya ke daɗewa a jeji."

Barau na gani ya dafe kai. "Akwai fa taya mai yin duka biyun!"

"Ba ka ce ba, Yaya."

Babu lokacin sauyawa, aka yi lodi. Ana gamawa ruwan farko ya ɓarke. Motocin maƙwabta suka yi ta wulwula taya a wuri ɗaya suna nutsewa. Barau ya tuna bara. Ya taka mota, tayoyin baya, waɗanda su ke tura ta, suka cafki laka, ta yi gurnani ta haye tudu. Inna ta rangaɗa guɗa tana nuna Mati a saman kwanduna. "Ku gan shi nan, ni na haife shi!"

Ranar tumatirinsu kaɗai ya shiga kasuwa. Barau ya rungume ƙaninsa. "Mati, yau ka fitar da mu kunya."

Mati ya gyara zaman hularsa. "Ai da ka bar ni da ta tarakta, Yaya, da tun ɗazu mun iso."