Idon Baffa da Ban Kalla Ba

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Baffa asibiti ba. Baffa yayan mahaifina ne, malamin allo a wani ƙauye kusa da Jahun. Ni kuwa ɗan shagon magani gare ni a Limawa, inda 'yan unguwa ke kira na Dakta (ban kuma taɓa hana su ba).

Ƙaiƙayi ya addabi Baffa tun damina har kaka ta wuce, barci ya gagare shi. Da na je duba shi, kallo ɗaya na yi wa sawun susa a bayansa na yanke hukunci: ƙazuwa ce. Na sa aka tafasa tufafinsa, na ƙone buzun da ya gada a wurin kakanmu, na gargaɗi jama'a su daina musabaha da shi. Dattijon da ake layin gaisarwa bayan Asuba ya koma salla shi kaɗai a zaure. Duk abin da na ce, haka ya bi.

Man shafawar da na ba shi ya ƙare ba sauƙi, sai muka nufi asibitin Dutse. Tun likitar da muka tarar ba ta buɗe baki ba na zazzage mata ledar magunguna a tebur, ina bayani har da Turanci. Ta bari na gama, sannan ta tambaya ko akwai wani mai susa a gidan. Babu. Ta ce Baffa ya fuskanci taga, ni kuma in matso.

Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Wata da watanni ina leƙen bayansa, amma ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, don a gidanmu ba a haɗa ido da babba.

Ta ce hanta ce. Ruwan matsarmama ne ya kasa fita, yake taruwa a jini, fata take kuka. Kuma ba a ɗauka ta gaisuwa. Na rasa inda zan sa kaina, ga kunya, ga mamakin ikon Allah: ciwo can cikin ciki, susa a gadon baya.

Sai Baffa ya ce a hankali, "Ai na san ba ƙazuwa ba ce, ɗana, na yi ta ina yaro. Na ga ana ce maka Dakta ne, ban so in zubar maka da girma ba."



Aka yi gwajin jini da hoto, aka fara maganin hantar. Aka ba shi wani gari da ake damawa a ruwa, aka ce kada ya sha shi lokaci ɗaya da sauran ƙwayoyi, ya riƙa wanka da ruwan sanyi. Sannu a hankali barci ya dawo. Da bakina na miƙe a masallacin ƙauyen na janye maganata, na tsaya ina kallo ana rububin hannunsa.

Yanzu ko sa'an kakana ne ya shigo shago yana susa, cewa nake, "Baba, a gafarce ni, a ɗago in ga ido." Daga nan in nuna masa hanyar asibiti.